Kafin A Sayo Hodar Titaniyam Don Ruwan Zariya

Duk wanda ya bi gefen kududdufan Birnin Zariya ko gaɓar kogin Kubanni daga Maris zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya zafi ya kankama, ya san koren nan da ke kwanciya a saman ruwa kamar an zubar da fenti. Gansakuka muke ce masa gaba ɗaya, amma iri-iri ne. Akwai mai zare-zare, wadda in ka tsoma sanda za ta naɗe ta kamar gashi. Wannan yawanci ƙazanta ce kawai. Akwai kuma wadda sandar za ta fito kamar an shafa mata fenti, in ka ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye 'yan awoyi sai koren ya taso ya taru a wuya. Wannan ta biyun ba tsiro ba ce, ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, kuma wasu daga cikinsu na haɗa guba. Wadda ta fi yawa a ruwan daɗi ita ce maikirosistin, gubar da ke kama hanta.

Yanzu ana ta maganar wata dabara ta lalata wannan guba da hasken rana: a sa hodar titaniyam dayoksaid a ruwa, rana ta haska ta, ita kuma ta farfasa gubar. Dabarar gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Amma ra'ayina shi ne, a Zariya matsayinta na ƙarshen layi ne, kuma a ƙananan wurare. Duk kuɗin jama'a da za a kashe a kanta kafin a fara auna gubar, kafin kuma a tabbatar matakan tace ruwa da muke da su suna tafiya a jere yadda ya kamata, kuɗi ne da aka zuba a rariya.

Sai an san girman abin da ake faɗa da shi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirosistin a ruwan sha na yau da kullum a maikirogiram 1 cikin kowace lita, tun 1998, kuma da ta sake duba batun a 2020 ta bar wannan adadi, ta ƙara da cewa na ɗan gajeren lokaci ana iya jure har 12. Maikirogiram ɗaya a lita na nufin giram ɗaya tak cikin lita miliyan, wato jarka 40,000 masu cin lita 25. Sabuwar matatar ruwa da aka gina wa Zariya an tsara ta ne ta fitar da lita miliyan 150 a rana. Giram 150 na gubar, nauyin sabulun wanka guda, ya isa ya kai ruwan yini ɗaya cif bakin iyaka. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Warin ƙasa-ƙasa da akan ji a ruwan dam wasu sinadarai ne daban da ƙwayoyin ke fitarwa, don haka ruwa na iya wari babu guba, yana kuma iya zama garau da guba a ciki. Tafasawa ba ta kashe ta. Ƙwayar gubar zobe ne na sassa bakwai da ke riƙe da juna gam, zafin tukunya ba ya ɓalle shi. In aka daɗe ana tafasawa ma ruwa ne ke ƙonewa, gubar ta ƙara kauri. Shi ya sa a Agustan 2014, da aka hana mutanen Toledo a Amurka, wajen 400,000, shan ruwan famfo na kusan kwana uku, aka haɗa musu da gargaɗin kada su tafasa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Karuwaru, can Burazil, a 1996, inda ruwan da aka ɗebo daga dam aka yi wa masu ciwon ƙoda wankin jini da shi ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Fiye da mutum 50 suka rasu da lalacewar hanta. Mu kuwa hantar jama'armu ba hutu take yi ba: ga ciwon hanta nau'in B, ga gubar fumfuna a masara da gyaɗar da aka adana da danshi. Kuma ba sai mun ari labarin wata ƙasa ba, domin masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello sun wallafa tun 2009 cewa sun samu maikirosistin a wasu ruwayen Zariya.

To yaya hodar ke aiki? Titaniyam dayoksaid farar hoda ce, ita ce farin da ke cikin fenti. Abin da masana ke kira katalis ce, wato abin da ke ingiza a yi aiki shi kuma bai ƙare ba, kamar dutsen wasa wuƙa. Jafanawa biyu, Fujishima da Honda, su suka nuna a 1972 cewa haske na tayar da ita. In hasken UV, wanda ido ba ya gani, mai tsawon zangon da ya gaza nanomita 387, ya faɗa kan ƙwayar hodar, sai ya fizge ƙwayar lantarki daga mazauninta ya bar gurbi. Gurbin nan mayunwaci ne, yana fizgar lantarki daga ruwan da ke manne da hodar, sai a samu wani ɓarɓashi mai suna haidiroksil wanda kusan babu abin da ba ya ci. Ita kuma ƙwayar lantarkin da aka fizge, iskar oksijin da ke narke cikin ruwa ce ke karɓe ta. Haidiroksil ɗin nan yana afka wa wata jela da ke jikin zoben maikirosistin, wadda da ita gubar ke kama abin da take kamawa a cikin hanta, ya kuma fasa zoben kansa. In aka ba shi lokaci, abin da ke saura iskar kabon ne da ruwa da 'yan gishiri-gishiri. Tun 1997 masu bincike a Abadin ta Sikotilan, Linda Lawton da Peter Robertson da abokan aikinsu, suka nuna gubar na ɓacewa cikin mintuna a ɗakin gwaji.

Abubuwa uku ke fitowa daga wannan bayani, kuma su ne tushen duk wata gazawa. Haidiroksil ba ya rayuwa ko na ƙiftawar ido, saboda haka ba ya tafiya neman guba; sai gubar ta zo ta taɓa hodar ko ta matso daf da ita. Na biyu, ba ya zaɓe: duk abin da ya fara cin karo da shi, shi zai ci. Na uku, in babu oksijin a ruwan, ƙwayar lantarkin komawa gurbinta take yi, hasken ya tashi a zafi kawai.

A ɗakin gwaji akan ɗauki ruwa tsarkakakke, a zuba masa guba tsantsa, a sa hoda tsakanin giram 0.1 zuwa 1 a lita, a kunna fitila mai ƙarfi, a riƙa motsawa. Ruwan kogin Galma ba haka yake ba. Da damina ja ne wur saboda laka, kuma hasken UV ba ya ratsa ruwa mai laka fiye da 'yan santimita. Ko dabarar nan ta shanya ruwa a gorar roba awa shida a rana don kashe ƙwayoyin cuta, sharaɗinta shi ne duhun ruwan kada ya wuce 30 a ma'aunin NTU. Ita kuma dabarar gorar, a faɗa a wuce, ba ta taɓa maikirosistin. Bayan laka akwai ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu da duk abin da ya narke ya ba ruwa launin shayi. Waɗannan ana auna su da miligiram, guba kuwa da maikirogiram, wato sun ninka ta sau dubu ko fiye. Haidiroksil da ba ya zaɓe zai ƙare ƙarfinsa a kansu, su kuma lulluɓe fuskar hodar. Abin da ya ɗauki minti goma a ruwan gwaji sai ya ɗauki awoyi a ruwan dam.

Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ba sa lura da shi. Hodar ta fi kama gubar a ruwa mai ɗan tsami. Dalili shi ne, in ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, ya yi ƙasa da wajen 6, fuskar hodar na ɗaukar cajin da ke jawo maikirosistin. In ya haura, sai su riƙa ture juna. To ita kuma gansakuka in ta yi yawa, da rana tana zuƙe iskar kabon daga ruwa, ruwan ya koma kanwa-kanwa, pH ya kai 9 ko ya wuce. Wato daidai lokacin da gubar ta fi yawa, lokacin ne ruwan ya fi ƙin hodar. Sinadarin kabonet da ke yawaita a irin wannan ruwa shi ma cinye haidiroksil yake yi. Duk wanda zai yi aikin nan da gaske sai ya sauko da pH zuwa wajen 6 kafin haske, wanda dama alimun na taimakawa a kai.

Sai maganar ranar kanta. Mukan ce Allah ya hore mana rana, kuma haka ne. Amma hodar ba ta cin hasken da ido ke gani. Cikin wat kusan 1,000 da ke sauka kan murabba'in mita ɗaya da tsakar rana, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ne kawai UV, kuma yawancinsa tsakanin hantsi da la'asar yake. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu na rage shi, ƙurar kuma na kwanciya kan gilashi, sai an riƙa gogewa kullum. Tun 2001 aka nuna cewa in aka cusa wa hodar naitirojin takan ɗan ci hasken da ake gani, ana kuma ta gwada wasu haɗe-haɗe, amma ƙarin da ake samu a waje bai kai yadda ake zuzuta shi ba, wasu kuma ƙarfinsu na dushewa bayan an yi amfani da su 'yan lokuta. Abin da ke faranta rai ɗaya ne: zafi da kwanciyar ruwa da ƙarancinsa, waɗanda ke haifar da gansakuka, a bazara suke haɗuwa, lokacin da hazo ya yaye rana ta fi ƙarfi.

Bari a yi lissafi na kai-tsaye, da zato mai sauƙi. A ce ruwan da aka riga aka tace za a shimfiɗa shi zurfin santimita 5, ya sha rana awa biyu, a samu zubi uku a yini. Kowace murabba'in mita za ta ba da lita 150 a rana. Don lita miliyan 150 ana buƙatar murabba'in mita miliyan ɗaya, hekta 100 na tire ko bututun gilashi, da masu goge ƙura, da injinan tura ruwa, kuma da dare komai ya tsaya alhali gidan ruwa ba ya barci. Ko an ninka saurin sau biyar, hekta 20 ce. Amma a juya lissafin: makarantar kwana ko asibitin karkara da ke buƙatar lita 2,000 na sha a rana, murabba'in mita 14 ya ishe su, bai kai rufin shago ɗaya ba. Wannan lissafin shi ne dukan hujjata a taƙaice. A babba abin ba ya ɗaukuwa, a ƙarami kuwa yana da ma'ana.

Wanda ya ce a yi da fitila maimakon rana, akwai fitilun LED masu ba da UV a nanomita 365, suna aiki dare da rana. Sai dai ya koma kan wutar lantarki, kuma kowa a Sabon Gari da Tudun Wada ya san yadda wannan magana take ƙarewa. A ƙaramin wuri faifan sola da batir na iya ɗauka.

Wahala ta gaba ita ce raba hodar da ruwa. Wadda aka fi amfani da ita a bincike, P25, ƙwayarta wajen nanomita 21 ce, giram ɗaya na da faɗin fuska kusan murabba'in mita 50. Wannan ƙanƙanta ita ce ƙarfinta, ita ce kuma matsalarta: ruwan ya koma kamar an dama nono, ba ta kwantawa da wuri, tana bi ta cikin yashin tacewa. Ba abin da za a bar wa mutane su sha ba ne. Tarayyar Turai ta hana sa titaniyam dayoksaid a abinci tun 2022. Hanya ɗaya ita ce a kai pH wajen 6 zuwa 7 inda ƙwayoyin ke dunƙulewa su kwanta, sannan a bi da ruwan ta matacin fata, wato siririn mataci mai kama da fata mai ƙananan ƙofofi. Ɗaya hanyar ita ce a manne hodar a jikin wani abu, duwatsun gilashi ko tayil ko raga, a gasa a zafin digiri 400 zuwa 500 don ta kama. In wutar ta zarce 600 sai tsarin hodar ya juye daga nau'in anates mai aiki zuwa rutail mai kasala, an yi asarar gashi. In ba ta gasu ba kuma, ruwa ya wanke ta cikin mako. Mannewa na kawar da wahalar tacewa, amma tana rage sauri sosai, tunda yanzu sai gubar ta yi tattaki zuwa bango. Shi ya sa ruwan dole ya zama siriri kuma yana gudana yana juyawa, wanda hakan ke ƙara masa oksijin ma. Hoda in ta yi yawa kuwa, ta sama ke yi wa ta ƙasa inuwa. Ƙari ba ya nufin sauri.

Gargaɗi ga masu son gwadawa da abin da ke kasuwa: farar hodar da ake sayar wa masu haɗa fenti ba za ta yi ba. Yawancinta rutail ce, kuma da gangan masana'anta ke lulluɓe ta da alumina da silika don kashe wannan aikin na haske, in ba haka ba fentin zai ci kansa a rana. Haka kuma bututun: gilashin borosiliket ake so, wanda UV ke ratsawa sosai, da faifan alminiyam a lanƙwashe a bayansa yana maido da haske, irin tsarin da aka daɗe ana gwadawa a cibiyar binciken rana ta Almeriya a Sifen. Robar da ba a yi ta don rana ba takan yi rawaya ta toshe hasken cikin 'yan watanni. Ruwa mai ƙarfe ko farar ƙasa na barin tsatsa da ɓawo kan hodar, sai an riƙa wanke ta da ruwan asid marar ƙarfi.

Yanzu a dawo kan abin da ya sa na ce ƙarshen layi. Muddin ƙwayar sayanobakteriya na raye lafiya, mafi yawan gubarta na ƙunshe a cikinta. Aikin gidan ruwa na farko shi ne ya fitar da ƙwayoyin ba tare da ya fasa su ba, kamar mai ɗauke ƙwai daga kwando. Alimun da kwantarwa da tacewa ta yashi na yin wannan aikin da kyau in an daidaita awon alimun da gwajin kwalabe duk lokacin da ruwa ya canja. Kuskuren da ke jawo bala'i shi ne zuba kulorin mai yawa a bakin shigowar ruwa don a kashe kore: ƙwayoyin su fashe, gubar ta narke, alimun kuwa ba ya kama narkakkiyar guba. Haka ma zuba shuɗin gishirin tagulla, kofa salfet, cikin dam. An yi haka a tsibirin Pam na Ostareliya a 1979, bayan 'yan kwanaki yara fiye da ɗari suka kwanta da ciwon hanta da ƙoda. Lakar da ta kwanta a tankunan kwantarwa ita ma cike take da ƙwayoyin da za su mutu su saki guba cikin kwana ɗaya zuwa biyu; a lokacin gansakuka kullum ake zubar da ita, kuma ba a maido da ruwan wankin matatai cikin layi.

Gubar da ta riga ta narke kuma tana da magunguna da suka girmi hodar titaniyam. Kulorin kansa na lalata maikirosistin in aka sa shi bayan tacewa, pH na ƙasa da 8, kuma ragowarsa ta kai aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30. Garin gawayin tace ruwa, musamman wanda aka yi da itace, in aka zuba miligiram 10 zuwa 20 a lita kafin alimun, yana tsotse ta. Buhunansa ana iya ajiyewa a sito a jira bazara. Matatar yashi mai tafiyar hawainiya, in ta daɗe tana aiki, ƙwayoyin da ke zaune a samanta na cinye gubar da kansu. Ko sauya zurfin bututun ɗiban ruwa na taimakawa, tunda ƙwayoyin kan taso sama da safe in iska ta kwanta, iska kuma ta tara su a gaɓar da take kaɗawa. Duk waɗannan ba sa buƙatar sabon gini, sai kayan aiki a kan lokaci da ma'aikaci da ya san dalilin kowane mataki. Kuma ko an kafa na'urar haske, kulorin na nan daram, domin hodar ba ta barin komai a ruwa da zai kare shi cikin bututu ko cikin jarkar 'yan ga-ruwa.

Kada a ce na yi wa dabarar rowa. Akwai inda ta fi kulorin. Gubar anatoksin, mai kama jijiya, ba ta jin kulorin sosai, haka ma sinadaran da ke kawo warin ƙasa. Haidiroksil na cin su duka, har da ragowar maganin ƙwari da na ciyawa da ke gangarowa daga gonaki. Hodar ba ta buƙatar a riƙa sayo sinadari kowane wata. Ga ƙauyen da ke sha daga tafki ko ƙaramin dam, inda motar kaya ba ta zuwa sai an ga dama, tsari mai matakai huɗu abin gwadawa ne: a kwantar da ruwa da alimun ko garin ƙwayar zogale, a tace ta yashi har duhunsa ya sauko ƙasa da NTU 5, a bi da shi ta bututun haske yana zagayawa daga ƙarfe goma zuwa uku, sannan a ɗiga kulorin a tankin ajiya. Ɗakin wankin ƙoda kuwa ba wurin gwaji ba ne. Can gawayi da matacin fata mai matsi ne ƙa'ida, haske sai dai ya zama ƙari.

Abin da ya kamata kuɗin farko ya tafi kansa shi ne awo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Madubin ƙara girma da ma'aikaci mai iya ƙirga ƙwayoyi sun isa a fara: a tsohon ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙwaya 2,000 a mililita ita ce ƙararrawar farko, 100,000 kuwa ta biyu. In an kai ta farko sai a koma awon gubar kanta, da 'yan tsinkayen gwaji na nan-take ko da kayan gwajin ɗakin bincike da ake kira ELISA, waɗanda ke gano ƙasa da maikirogiram 1 amma suna son firji da kula da ranar lalacewa. A ɗebi ruwa mako-mako daga Fabrairu zuwa saukar damina, a bakin bututun ɗiba, da bayan tacewa, da bakin famfo, a Galma da Shika da Kubanni. A kuma auna kashi biyu: gubar da ke narke, da jimillar da ke fitowa bayan an daskarar da samfurin an narkar sau uku don ƙwayoyin su fashe. Bambancin waɗannan biyun shi ke gaya wa mai gidan ruwa ko matsalarsa ta alimun ce ko ta kulorin. Sakamakon kuma a manna shi inda jama'a za su gani. Masu fiya wata da ke jan ruwa daga rijiyar burtsatse ba su cika shiga wannan haɗari ba, amma masu kiwon tarwaɗa da ke sako koren ruwan tafkinsu cikin kwata, da masu lambun da ke ban-ruwan latas da kabeji daga ruwan da ya yi kore, da makiyayan da shanunsu ke sha a gaɓar da kumfar ta taru, duk sun shiga. Rahoton farko na gubar sayanobakteriya a duniya ma, a 1878 a Ostareliya, kan dabbobin da suka mutu bayan shan ruwan tafki ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Abincin gansakuka fosfaras ne da naitirojin, kuma mun san hanyar da suke bi: takin NPK da yuriya da ruwan sama ke wankewa daga gonakin da aka nome har bakin ruwa, kwatocin Samaru da ke gangarawa Kubanni, masai da ke malala, kashin kaji, ruwan wanki. Dam ɗin Kubanni tun farkon shekarun 1970 yake tara laka, lakar kuma rumbun fosfaras ce da ke sakinsa a hankali ko da an tsayar da na waje. Barin tazarar ciyawa da bishiyoyi tsakanin gona da gaɓa, da tare kwata a ƙaramin fadamar kainuwa kafin ta shiga dam, ba su da kwarjinin na'ura mai walƙiya a ranar buɗewa, shi ya sa ba a cika son su ba. Sayen na'ura a bar kwata dai an bar jaki ne ana dukan taiki.

Inda nake son a kashe kuɗi kan hodar shi ne bincike, kuma Zariya ta fi ko'ina cancanta: ga sassan kimiyyar sinadarai da injiniyanci da nazarin halittu a jami'a, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga ma'adinin ilmenait mai ɗauke da titaniyam a tarkacen haƙar kuza na Jos, ga farar ƙasar Ƙanƙara da za a iya gwada manna hodar a kanta. Sai dai a canja salon. An gaji da gwajin da ake yi da ruwa tsarkakakke da shuɗin rini a madadin guba, domin rini na shan hasken da ake gani da kansa, sai ya koɗe a ɗauka hodar ce ta yi aiki. A ɗebo ruwan Kubanni na watan Afrilu, da gubar a awon da ake samunta, maikirogiram 5 ko 10, a fita da na'urar tsakar rana. A ajiye kwano ɗaya da hoda a duhu na minti 30 ko fiye, don a san nawa ne ya manne kawai bai lalace ba. A ajiye wani a rana babu hoda. A riƙa rubuta yawan UV da ya sauka, ba awoyi kaɗai ba, tunda awa ɗaya ta Janairu ba ɗaya take da ta Afrilu ba. A gwada ko ruwan ya daina cutarwa, ba ɓacewar gubar daga na'ura kawai ba, domin gutsattsarin da ke fitowa a tsakiyar aiki su ma abin dubawa ne. A auna titaniyam a ruwan da ya fito. A maimaita da hoda ɗaya sau 20, sau 50, a ga ranar da ta gaji. Na'urar ta kwana a waje bazara da damina da hunturu, a hannun ma'aikacin da zai riƙe ta in masu bincike sun tafi, sannan a fitar da kuɗin tace lita dubu a ajiye shi kusa da kuɗin garin gawayi na lita dubun.